AWON INUWA: TARIHIN YADDA LIKITOCI SUKA KOYI GANE AIKIN MAGANI A SANKARAR MAMA WADDA TA BAZU

Sankarar mama, wadda waɗansu ke kira ciwon daji na nono, in ta tsaya wuri guda ana iya yanke ta a cire. Amma in ta riga ta bi jini ta sauka a ƙashi ko huhu ko hanta, to, wuƙa ba ta da sauran babban aiki, sai magani. A nan ne wata tambaya ke tasowa wadda likita ba shi da hanyar kauce mata, watau shin maganin da a ke ba mai ciwon yana aiki kuwa? Amsar tambayar nan ba ƙaramin abu ba ce. In aka ce yana aiki alhali ba ya yi, mace za ta ci gaba da shan wahalar magani mai zub da gashi da kashe jiki a banza, cuta kuwa tana ta cinta. In kuma aka ce ba ya aiki alhali yana yi, an raba ta ke nan da abin da ke tare mata cutar, ga shi magungunan ba su da yawan da za a yi ta zub da su. Abin da wannan takarda za ta bi shi ne tarihin wannan amsa, da yadda iyakar da aka shata da yatsun hannu ta zama gado ga manyan na'urorin ɗaukar hoto.

Zamanin ido da hannu

Tun a shekara ta 1889 wani likitan Ingila mai suna Stephen Paget ya bincika labarin gawawwakin mata 735 waɗanda sankarar mama ta kashe, ya lura cutar ba ta faɗa wa gaɓoɓi haka kawai, akwai waɗanda ta fi so, kamar hanta da ƙashi. Ya kwatanta al'amarin da iri da ƙasar shuka. Sai dai abin da ya gani duk bayan mutuwa ne. Mai rai kuwa ba a san abin da ke cikinta ba, sai abin da ya fito fili a fata, ko kaluluwar hammata da hannu ya taɓa.

A cikin wannan hali ne George Beatson, likitan fiɗa a birnin Glasgow, ya yi abin da ba a taɓa ba da labarin irinsa ba. A watan Yuni na 1895 ya cire wa wata mace mai shekara 33 ma'ajiyar ƙwai biyun da ke gefen mahaifa, bayan sankara ta komo mata a ƙirji ta wuce yankewa. Cikin 'yan watanni ƙululun suka bushe, ta kuma rayu kusan shekara huɗu. Ya buga labarin a 1896. Shaidarsa ita ce ido da hannu da ɗan naman da ya duba a madubin likita. Har wa yau ya haɗa mata da wani magani na maƙoshi, don haka aka daɗe ana gardamar wanne ne ya yi aikin. Daga ran nan aka san cewa sankarar da ta bazu tana iya ja da baya, aka kuwa shiga bukatar ma'auni.

Hasken Röntgen da matsalar ƙashi

A cikin wannan shekara dai, ran 8 ga Nuwamba 1895, wani masanin Jamus, Wilhelm Röntgen, ya gano a garin Würzburg wani haske marar ganuwa mai ratsa nama ya bar inuwar ƙashi a kan faranti. Shi ne a ke kira eksire. A 1913 Albert Salomon na Balin ya ɗauki hoton nonon da aka yanke wajen dubu uku, ya nuna yadda cutar ke miƙa jijiyoyi zuwa hammata. Amma ga macen da cutarta ta riga ta bazu, hoton ƙirji da na ƙashi su ne suka fi amfani, domin kusan kashi 70 cikin 100 na matan da wannan cuta ke kashewa tana taɓa musu ƙashi, musamman ƙashin baya da haƙarƙari da ƙugu.

Hoton eksire yana da nawa ƙwarai. Sai ƙashi ya rasa misalin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ƙarfensa kafin ramin da cutar ta haƙa ya bayyana. Warkewa ma haka, sai an yi watanni kafin a ga bakin ramin ya fara yin fari. Abin da ya ƙara dagula lissafi kuwa, akwai irin sankarar da ita kanta ke sa ƙashi ya yi fari yayin da ta ke yaɗuwa. Saboda haka farin tabo guda yana iya zama alamar sauƙi, yana kuma iya zama alamar cin gaban cuta.

Duk da haka da wannan hoto aka auna manyan dabarun tsakiyar ƙarni na ashirin. A 1944 Alexander Haddow na Landan ya gwada ba tsofaffin mata sinadarin mata na haɗi. A 1952 Charles Huggins na Chicago ya shiga cire ƙananan gaɓoɓin nan biyu da ke bisa ƙoda, a Stockholm kuma Luft da Olivecrona suka kai wuƙa har ƙarƙashin ƙwaƙwalwa suna cire wata 'yar gaɓa mai sarrafa sinadaran jiki. Waɗannan ayyuka masu nauyi ne, ba a mayar da abin da aka cire. Amma kowane asibiti da abin da ya ke nufi in ya ce an sami sauƙi. Wani ya ƙidaya raguwar zogi, wani nauyin jiki, wani yawan alli a fitsari, wani kuwa hoto. Ba a iya gwama sakamakon wannan gari da na wancan.

Hoton aikin magina

An sami ci gaba sa'ad da aka fara yi wa mutum allurar sinadari mai fid da haske marar ganuwa, wanda ke bin jini ya taru inda ƙashi ke gyara kansa. An fara da sitirontiyom a 1961, sa'an nan a 1971 Subramanian da McAfee suka haɗa tekniishiyom da gishirin fosfet, wanda ya fi sauƙin aiki. Da kyamarar da Hal Anger ya ƙera a ƙarshen shekarun 1950, sai aka iya ganin ƙasusuwan jiki duka a hoto ɗaya, cutar kuma tana bayyana watanni kafin eksire ya nuna ta.

To, amma wannan hoto ba ya nuna ɓarawon da ya fasa katanga, sai maginan da suka taru suna liƙe ta. In magani ya kashe sankarar, maginan su kan ƙara himma, hoton kuwa ya ƙara baƙi, har ma a ga tabon da ba a gani da ba. A shekarun 1970 aka fahimci wannan ruɗu, aka gane ya kan faru cikin watanni uku na farkon magani, ya lafa wajen wata na shida. Kafin a gane haka, likitan da ya dogara ga hoton kaɗai yana iya tsai da magani a daidai lokacin da ya ke cin nasara. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a nan sai da aka komo ga ji, watau a tambayi mai ciwo ko zogin ya ragu, kafin a fassara abin da aka gani.

Ƙwallaye goma sha biyu a ƙarƙashin soso

Zuwa shekarun 1970 magunguna sun yawaita. A 1971 aka ba da labarin gwajin tamoksifen a asibitin Christie na Manchester, inda mata 10 daga cikin 46 suka sami raguwar cuta. An kuma shiga haɗa magungunan kashe ƙwayoyin sankara uku ko biyar a lokaci guda. Gwama su da juna ya zama tilas, tambaya kuwa ita ce, raguwa nawa za a yarda da ita a ce ta gaskiya ce?

A 1976 Charles Moertel na asibitin Mayo a Amurka da abokin aikinsa James Hanley suka yi wani gwaji mai sauƙi. Suka sami ƙwallaye 12 masu tauri, ƙanana da manya, suka jera su, suka lulluɓe da soso don su yi kama da ƙari a ƙarƙashin fata ko cikin ciki. Sa'an nan suka gayyaci ƙwararrun likitocin sankara 16, kowa ya laluba ya auna da rula ko ma'auni mai baki biyu, kamar yadda ya saba yi ga marasa lafiya. Abin da likitocin ba su sani ba shi ne, a cikin ƙwallayen akwai masu girma ɗaya. Da aka gwama awon waɗannan tagwaye, sai aka tarar in an ɗauki raguwar kashi 25 cikin 100 a matsayin aikin magani, to, sau 19 cikin 100 likita ɗaya zai ce ƙwallo ya ragu alhali bai sāke ba, in kuwa likitoci biyu ne dabam dabam, sau 25 cikin 100. Amma in aka ce sai an ga raguwar rabi, kuskuren ya kan sauko zuwa misalin 7 ko 8 cikin 100.

Ma'anar wannan a fili ta ke. Maganin da ba ya aikin kome yana iya samun shaidar cewa ya taimaki mutum ɗaya cikin biyar, don kuskuren yatsu kawai. Waɗansu likitoci sun riga sun saba da ƙa'idar rabi tun kafin nan, amma gwajin ne ya ba ta hujja. Ya kamata a lura da asalin wannan iyaka. Ba a samo ta daga nazarin yadda sankara ke mutuwa ba, ko daga lissafin kwanakin da mai ciwo ke ƙara yi a duniya. Iyakar gwanintar hannun ɗan Adam ce.

A 1977 wani kwamiti na Ƙungiyar Ƙasashe ta Yaƙi da Sankara, ƙarƙashin John Hayward na asibitin Guy a Landan, ya fitar da ƙa'idodi na musamman don sankarar mama wadda ta bazu. Sun nemi a rubuta girman kowane ƙari kafin a fara magani, a ɗauki hotuna, a kuma ba waɗansu likitoci na waje su duba shaidar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta biyo baya a 1979 da ƙa'idodi na dukan sankara, aka buga su ga kowa a 1981. A auna tsawon ƙari da faɗinsa, a ninka ɗaya da ɗaya. In ya ɓace ƙaf, cikakkiyar amsa ke nan. In ya ragu da rabi, ya kuma zauna haka mako huɗu, amsa ce ta sashi. In ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, ko sabon ƙari ya fito, cuta ta ci gaba. Abin da ke tsakani kuwa an kira shi tsayawa.

Sababbin na'urori, tsohuwar iyaka

Ana cikin haka na'urori suka sāke. Ian Donald na Glasgow ya nuna a 1958 yadda a ke ganin cikin mutum da amon sauti, abin da mutane suka sani yau da sunan sikanin. Ran 1 ga Oktoba 1971 aka ɗauki hoton kan wata mace a asibitin Atkinson Morley na Landan da na'urar Godfrey Hounsfield, wadda ke juya hasken eksire kewaye da jiki, kwamfuta kuma ta fid da hoto yanka yanka kamar an yanyanka rogo. Ita ce CT. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 an yi ta dukan jiki, hanta da huhu suka fito fili, aka iya auna ƙari da milimita.

A shekara ta 2000 ƙungiyoyin bincike na Turai da Amurka da Kanada suka haɗu suka fitar da sababbin ƙa'idodi da a ke kira RECIST. Suka ce a bar ninka tsawo da faɗi, a auna tsawo kaɗai na ƙari har goma, a tara. Raguwar kashi 30 cikin 100 ita ce amsa, ƙaruwar kashi 20 kuwa cin gaban cuta. A 2009 aka gyara su, aka rage ƙarin da za a auna zuwa biyar, biyu a kowace gaɓa, aka kuma ce ba za a auna kaluluwa ba sai gajeren gefenta ya kai milimita 15.

Mai ɗan ilmin lissafi zai gane wani abu nan take. In tsawon abu mai kewaye ya ragu da kashi 30, saura 70 ke nan, in aka ninka 70 da 70 a sikelin ɗari sai a sami 49. Watau fili ya ragu da rabi, daidai da ƙa'idar da. Da gangan aka yi haka, don a iya gwama sababbin gwaje-gwaje da tsofaffi. Ta haka iyakar da aka tabbatar da soso da yatsu a 1976 ta shiga na'urar da ke ganin abin da bai kai ƙwayar dawa ba.

Ƙashi kuma ya ci gaba da zama bare. Ƙa'idodin 2000 sun sa shi cikin abin da ba ya aunuwa. Na 2009 sun yarda a auna shi in akwai tsoka a jikin ramin, amma farin tabo har yanzu ba ya cikin lissafi. Sakamakon haka, matan da cutarsu ke ƙashi kaɗai sau da yawa ba a sa su cikin gwajin sababbin magunguna, ko da ya ke suna da yawa. Don cike wannan giɓi ne likitocin asibitin M. D. Anderson na Houston suka fitar da nasu ƙa'idodin ƙashi a 2004, inda suka ɗauki farin baki kewaye da rami a matsayin alamar warkewa.

Daga girma zuwa ci

Wata hanya dabam ta samo asali daga abin da Otto Warburg na Balin ya gano a shekarun 1920, cewa ƙwayoyin sankara suna shan sukari fiye da lafiyayyun ƙwayoyi nesa ba kusa ba. A 1976 masana a Brookhaven ta Amurka suka haɗa wani irin sukari mai fid da haske, wanda ke shiga ƙwaya ya maƙale. Na'urar da ke ganinsa ita ce PET. A 1993 Richard Wahl na Jami'ar Michigan ya bi mata 11 masu manyan ƙari a nono da wannan hoto. Ga takwas ɗin da magani ya karɓe su, shan sukarin ya fara sauka tun rana ta takwas, tun girman ƙarin bai motsa ba. Ga waɗanda bai karɓa ba kuwa, ba a ga irin wannan sauka ba. Kamar dabba ce marar lafiya, wadda ta kan bar cin abinci kafin a ga ramarta.

A 1998 aka haɗa PET da CT a na'ura ɗaya a Pittsburgh, ta shiga kasuwa a 2001, a 2009 kuma Wahl ya tsara mata ƙa'idodi masu suna PERCIST, inda raguwar kashi 30 cikin 100 na shan sukari ke nuna amsa. Amfaninta ga ƙashi babba ne, domin tana ganin sankarar kanta. Haka kuma na'urar maganaɗisu, MRI, wadda tun 2004 aka koyi ɗaukar dukan jiki da ita ana duba yadda ruwa ke motsi tsakanin ƙwayoyi a cikin ɓargo. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wani sinadarin PET mai nuna ko ƙari yana da makamar sinadarin mata, watau ko akwai fatan magani irin su tamoksifen ya kama shi. A 2023 likitocin Odense ta Denmark suka ba da labarin mata 87 da aka bi da CT da PET tare, suka tarar a kusan rabinsu PET ta riga CT ganin cin gaban cuta. Sai dai wannan bincike bai nuna cewa saurin ganin yana ƙara tsawon rai ba.

Inuwa da rai

Wannan batu na ƙarshe shi ne mafi nauyi, tarihi kuwa ya koyar da shi sau biyu. A shekarun 1990 dubban mata a Amurka suka sha magani mai tsananin ƙarfi wanda ke kashe ɓargo, sa'an nan a mayar musu da nasu ɓargon da aka ajiye. Ƙari ya kan ragu ƙwarai a hoto, mutane suka yi ta kai kamfanonin inshora ƙara don a biya musu. Da aka gama gwajin gaskiya, wanda aka buga a shekara ta 2000, sai aka tarar ba su fi masu shan magani na yau da kullum daɗewa ba, ga wahala mai yawa.

Na biyu shi ne maganin Avastin, mai hana ƙari tsiro da jijiyoyin jini. A wani gwaji da aka buga a 2007, haɗa shi da wani magani ya tsawaita lokacin da hoto ke nuna cuta ba ta ci gaba ba daga wata 5.9 zuwa 11.8. Bisa ga wannan hukumar Amurka ta yarda da shi a 2008. Amma tsawon rai bai bambanta sosai ba, gwaje-gwajen baya kuma ba su kai na farko ba, don haka a watan Nuwamba na 2011 ta janye yardarta game da sankarar mama. Hukumar Turai kuwa ta duba shaida irin wannan ta bar shi. Hukumomi biyu, hotuna iri ɗaya, hukunci dabam.

Kammalawa

Ƙididdigar duniya ta 2020 ta nuna mata wajen miliyan 2.3 suka kamu da sankarar mama a shekarar, 685,000 kuma suka mutu. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, har da Nijeriya da Nijar, mafi yawan masu ciwon ba sa isa asibiti sai cutar ta yi nisa, abin da likita ya fi samu a hannu kuwa shi ne eksire da sikanin da rula. Tarihin nan yana da abin da zai ba irin wannan likita. Abin da Hayward da abokansa suka nema a 1977 ba ya bukatar na'ura mai tsada: a auna kafin a fara, a rubuta, a sake aunawa da hanya ɗaya, kada a amince da ƙaramar raguwa, kada kuma a yi saurin yanke hukunci a kan ƙashi cikin watannin farko. Ga mai babbar na'ura kuma akwai gargaɗi, cewa lambar da ya ke dogara gare ta yarjejeniya ce ta mutane, an yi ta don gwama magunguna a fagen bincike. Waɗanda suka tsara RECIST da kansu sun faɗi cewa ba su yi ta don ta maye gurbin hukuncin likita game da mutum ɗaya ba. Saboda haka har yau, bayan an karanta hoto, sai an dubi macen da aka ɗauka, a ga ko tana cin abinci, ko tana iya tashi ta yi tafiya, kafin a ce a ci gaba da magani ko a sāke shi.